Ciwon Ƙahon Zuciya Da Ake Ɗauka Ulsa Ce: Yadda Ake Gano Kumburin Fankiriyas Da Yadda Ake Jinyarsa

A wajenmu, duk ciwon da ya tsaya a saman ciki, tsakanin ƙirji da cibiya, sunansa ɗaya: ulsa. Mai ciwon zai ce ulsarsa ce ta tashi, mai kemis ya miƙo farin maganin nan na ruwa, maƙwabciya ta aiko da jiƙon kanwa. Sau da yawa zaton bai yi nisa da gaskiya ba. Amma akwai wani ciwo da ke sauka a daidai wannan wuri, wanda maganin ulsa ba ya taɓa shi ko kaɗan, kuma kwana biyun farko da ake ɓatawa ana jiran ya lafa su ne kwanakin da suka fi kowanne tsada a jinyarsa. Shi ne kumburin fankiriyas na farat ɗaya.

Fankiriyas wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a gicciye a bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Wasu masu fassara kan kira ta saifa, alhali saifa daban take, tana can ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Wutsiyar fankiriyas ce kawai ke kaiwa kusa da ita. Mutane sun fi saninta ta hanyar ciwon suga, domin ita ke samar da insulin. Sai dai wannan ƙaramin ɓangare ne na aikinta. Mafi yawan jikinta masana'anta ce ta ruwan narkar da abinci: kullum tana tsiyayar da fiye da lita guda cikin ƙaramin hanji, ruwa mai ɗauke da amiles da ke narkar da tuwo da dangoginsa, da laifes da ke narkar da mai da kitse, da tirifsin da ke narkar da nama.

To, abin da ke narkar da naman rago ai ba zai gagara narkar da naman mutum ba. Shi ya sa aka halicci tirifsin kamar wuƙa a cikin kube. Fankiriyas tana fitar da shi a rufe, ba ya yanka komai sai ya isa hanji, a can ake zare shi. Ciwon da muke magana a kai yana farawa ne ranar da wuƙar ta fita daga kube tun tana cikin gida. Tsokar ta shiga cin kanta. Wani masanin cututtuka mai suna Hans Chiari ya bayyana wannan tun 1896, shekara bakwai bayan Reginald Fitz na Boston a Amurka ya yi wa cutar cikakken bayanin da likitoci suka fara dogaro da shi a 1889.

Abin da ke zare wuƙar

Bututun da ke kwaso ruwan fankiriyas da bututun da ke kawo ruwan madaciya daga hanta da matsarmama suna haɗuwa a ƙofa ɗaya kafin su zube cikin hanji. Ƙofar kuwa ƙanƙanuwa ce. Idan ƙaramar tsakuwa ta gangaro daga matsarmama ta maƙale a nan, ko da na 'yan sa'o'i ne sannan ta wuce, ruwan fankiriyas sai ya koma baya, wuta ta kama. Eugene Opie, a asibitin Johns Hopkins, ya nuna wannan alaƙa a 1901 bayan ya sami tsakuwa a daidai ƙofar a jikin wani mamaci. Har yau tsakuwar matsarmama ce kan gaba a jerin sanadin wannan ciwo a mafi yawan ƙasashe, kuma ƙananan tsakuwoyi sun fi manya haɗari, domin babba ba ta iya shiga bututun. Mata sun fi maza samun ta, musamman masu ƙiba da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. A nan kuma dole a ambaci masu sikila: jajayen ƙwayoyin jininsu na saurin fashewa, abin da ke sa su tara tsakuwa tun suna ƙanana. Yaro mai sikila da ya zo da ciwon saman ciki, kada a yi saurin cewa ciwonsa ne na kullum ya motsa.

Na biyu ita ce giya, yawanci ga wanda ya shafe shekaru yana sha da yawa. Wannan tambaya ce mai nauyi a cikin al'ummarmu, kuma ina ganin ma'aikatan lafiya kan yi kuskure a kanta ta fuska biyu. Wani zai yi tambayar a gaban mata da surukai da 'ya'ya, ya sami amsar "a'a", ya rubuta ya wuce. Wani kuma da ya ji sunan cutar sai ya fara yi wa bawan Allah kallon mashayi, alhali bai taɓa kai kwalba baki ba. A keɓe mutum, a tambaye shi cikin mutunci, a gaya masa dalilin tambayar. Dangi su ma su sani cewa mafi yawan masu wannan ciwo ba giya ce ta jawo musu ba.

Sauran sanadin ba su kai waɗannan yawa ba. Akwai hauhawar wani nau'in kitsen jini, tiraigilisarayid, idan ya haura 1,000 a ma'aunin miligiram. Wani lokaci jinin da aka ɗiba a kwalbar gwaji kan fito fari-fari kamar an zuba masa madara, kuma an fi ganin haka ga masu ciwon sugan da ba a shawo kansa ba da masu juna biyu. Akwai yawan kalsiyam a jini. Akwai wasu magunguna, kamar valproate na farfaɗiya da azathioprine. Akwai bugu a ciki, irin na yaron da ya faɗi kan kan keke ya soke shi a ƙahon zuciya, ko direban da sitiyari ya danne. Hangum kan jawo shi, haka tsutsar ciki doguwar nan idan ta kutsa cikin bututun. Har harbin kunama an tabbatar yana jawo shi a tsibirin Tirinidad. Wasu kuma a bincika a rasa dalili.

Yadda yake zuwa

Ciwon ba ya sallama. A ce uwargida ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ta ci soyayyen naman layya da daddare, can cikin dare ciwo ya turnuƙe ta a ƙahon zuciya, cikin rabin sa'a ya kai maƙura ya tsaya a nan. Wannan tsayawar ita ce alama ta farko: ba murɗa ba ce mai zuwa tana tafiya, ciwo ne da ya kafe. Kusan rabin masu shi za su ce yana ratsawa har gadon baya, kamar an soka mashi ta gaba ya ɓullo ta baya. Kwanciya rigingine tana ƙara shi, don haka za ka tarar da mutum a zaune ya duƙa, ya rungume gwiwoyinsa. Sai amai, wanda ake yi ana sake yi, kuma ba ya kawo sauƙi. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki yakan ɗan ji dama bayan ya sha magani ko ya yi amai. Wannan ko gezau.

Idan abin ya yi tsanani, ciki ya kumbura, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya yi sama-sama, fitsari ya ragu. Ido na iya yin rawaya idan tsakuwa ta toshe hanyar madaciya, sai a ce shawara ce a koma neman saiwa. Littattafan likitanci suna son ambaton tabon taruwar jini a gefen cibiya ko a kwiɓi, masu ɗauke da sunayen Cullen da Grey Turner, amma ba kasafai ake ganinsu ba, ba sa fitowa da wuri, kuma a baƙar fata ganinsu ya fi wuya. Wanda ya tsaya jiransu ya makara.

Ƙa'idar da likitocin duniya suka yarda da ita, wadda aka fara tsarawa a birnin Atlanta a 1992 aka sabunta a 2012, mai sauƙi ce. Abubuwa uku ake dubawa, in biyu sun tabbata an gano cutar: ciwo irin wanda na siffanta, gwajin jini da ya nuna laifes ko amiles ya ninka iyakar lafiya sau uku ko fiye, da hoton ciki da ya nuna kumburin. Ma'ana, mai irin wannan ciwo da laifes ɗinsa ya ninka sau uku ba ya buƙatar wani hoto mai tsada kafin a fara yi masa magani.

Tsakanin gwaje-gwajen biyu, laifes ya fi. Amiles yana tashi cikin sa'o'i kaɗan amma yakan sauka cikin kwana uku zuwa biyar, kuma mu mutanenmu ba a ranar farko suke zuwa ba. Wanda ya kwana huɗu a gida yana shan maganin ulsa zai iya zuwa da amiles lafiya lau alhali cikinsa na ci da wuta. Laifes kan jima a sama har mako ɗaya zuwa biyu. Amiles kuma yakan tashi saboda wasu dalilai: hangum, ciwon ƙoda, fashewar hanji, cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Inda amiles kaɗai ake iya yi, a yi shi, amma a karanta sakamakon tare da lissafin kwanakin ciwon.

Wani abu da ke ruɗa dangi, har da wasu ma'aikata: girman lambar ba ya nuna girman haɗarin. Mai laifes dubu biyar zai iya komawa gida cikin kwana huɗu, mai ɗari tara ya kwana a bakin mutuwa. Saboda haka maimaita gwajin kullum don a ga ko "ya sauka" ɓarnar kuɗi ce. Kuɗin ya fi amfani a gwajin ƙoda, da yawan jini, da suga, da kalsiyam, da kitsen jini, da gwajin hanta. A gwajin hanta akwai wani mai suna ALT. Idan ya haura 150 a farkon ciwon, to da wuya in ba tsakuwa ba ce sanadi.

Kowane mai wannan ciwo ya kamata a yi masa sikanin na ciki. Ba fankiriyas ake nema a gani ba, domin iskar hanji kan rufe ta. Matsarmama ake dubawa, ko akwai tsakuwa, ko bututun ya buɗe fiye da kima. Hoton CT kuwa, wanda dangi kan matsa a yi tun ranar farko har a sayar da kadara, ba shi da amfani sosai a lokacin. Ruɓewar tsokar ba ta bayyana sarai sai bayan kwana uku zuwa huɗu, kuma ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton na iya ƙara wa ƙodar da ta riga ta galabaita nauyi. Ana gaggauta shi ne kawai in ana shakkar ko wata cuta ce daban.

Shakkar kuwa tana da muhalli. Gyambon ciki da ya huje, hanjin da taifot ya fasa, toshewar hanji, har ciwon bugun zuciya, duk suna iya zuwa da wannan kama. Biyun farko tiyata suke so cikin gaggawa, shi kuwa kumburin fankiriyas a kwanakin farko ba ya son wuƙa. Don haka hoton ƙirji a tsaye don neman iskar da ta tsere daga hanji, da awon bugun zuciya ga manya, da gwajin ciki ga macen da ke shekarun haihuwa, ba ƙari ba ne.

Wa zai tashi, wa zai faɗi

Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu wannan ciwo nasu mai sauƙi ne: kumburin ya lafa cikin mako guda, su koma gida. Sauran su ne abin tsoro. A jikinsu kumburin ba ya tsayawa a fankiriyas, yana bin jini ya game jiki. Jijiyoyin jini su fara yoyo kamar randar da ta tsage, ruwa ya tsere ya taru a ciki da huhu, jini ya yi kauri, awon jini ya faɗi, ƙoda ta rasa abin tacewa. Ƙa'idar Atlanta ta raba abin gida uku bisa wannan. In babu gaɓar da ta gaza, mai sauƙi ne. In huhu ko ƙoda ko zagayawar jini ta gaza amma ta farfaɗo kafin sa'a 48, ko kuma ruwa ya taru ko wani sashe ya ruɓe, matsakaici ne. In gazawar ta wuce sa'a 48, mai tsanani ne, kuma a nan ake rasa rayuka da yawa ko a manyan asibitocin Turai.

Matsalar ita ce a ranar farko duka ukun suna iya kama da juna. John Ranson, likitan tiyata a New York, ya fito da ma'auni mai alamomi 11 a 1974, amma sai an cika sa'a 48 ake kammala lissafinsa. Daga baya aka sami masu sauƙi, irin wanda ke duba abu biyar kacal: shekaru sama da 60, ruɗewar hankali, hauhawar gwajin ƙoda, ruwa a gefen huhu, da alamun kumburi ya game jiki, wato zazzaɓi da saurin bugun zuciya da na numfashi. A ganina, babu ma'aunin da ya kai ma'aikaciyar jinya da ke dawowa bakin gado duk bayan 'yan sa'o'i tana ƙirga numfashi, tana duba awon jini, tana auna fitsarin da ya taru a jaka. Ƙaramin asibitin da ya ga numfashi na ƙaruwa, fitsari na raguwa duk da ƙarin ruwa, to ya tura mara lafiya babban asibiti tun yana iya jure tafiyar.

Jinyar kwanakin farko

Har yau babu wani magani guda da ke kashe wannan wuta. Abin da ake yi shi ne a tallafi jiki har ta mutu da kanta, kuma abin mamaki, kusan duk abin da aka koya wa likitoci a kan wannan tallafi shekara talatin da suka wuce an sake masa fasali.

A ɗauki ƙarin ruwa. Tunda jijiyoyi na yoyo, an daɗe ana cewa a ɗura ruwa da yawa, da sauri. Sai wani bincike mai suna WATERFALL, ƙarƙashin jagorancin Enrique de-Madaria na ƙasar Sifen, wanda aka wallafa a 2022, ya gwada hanyoyi biyu: ɗurin gaggawa da ɗuri matsakaici. Dole aka dakatar da shi bayan mutum 249, domin a cikin waɗanda aka yi wa ɗurin gaggawa kashi 20.5 cikin 100 ruwa ya yi musu yawa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 6.3 ne, kuma yawan ruwan bai hana ciwon tsananta ba. Abin da aka fi bi yanzu shi ne matsakaici: mililita 1.5 ga kowane kilo na nauyin mutum a sa'a guda, in kuma ya zo a bushe a fara ba shi mililita 10 ga kowane kilo a tashi ɗaya. Ga mai kilo 60, wannan na nufin mililita 600 da farko, sannan 90 a kowace sa'a, ana sa ran ya riƙa fitar da fitsari aƙalla mililita 30 a sa'a. Ruwan ƙarin da ake kira Ringer ya fi ruwan gishiri zalla dacewa, sai dai ga wanda kalsiyam ɗinsa ya yi yawa.

A nan ina da jan hankali. Wancan bincike bai haɗa da waɗanda suka zo jininsu ya riga ya faɗi ko ƙodarsu ta tsaya ba. Mutumin da ya kwana uku yana amai a zafin bazara kafin a kawo shi ba ɗaya yake da wanda ya isa asibiti cikin sa'a shida ba, kuma yana iya buƙatar fiye da wancan lissafi. Darasin shi ne a riƙa ba da ruwa ana dubawa, ana ƙarawa ana ragewa. Dangi kuma su daina auna ƙwazon asibiti da yawan ledar ruwan da aka rataya.

Sai maganin ciwo. Wannan ciwo yana cikin mafiya zafi da ɗan Adam ke ji, kuma farasitamol kaɗai ba ya isa ga mafi yawa. An daɗe ana gudun mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, bisa zaton yana matse ƙofar bututun, amma ba a ga hakan yana ƙara wa marasa lafiya illa ba, don haka babu dalilin barin mutum yana murƙususu. Abin da ya fi cancantar taka-tsantsan shi ne allurar diclofenac da 'yan uwanta ga wanda ya bushe ko ƙodarsa ke tangal-tangal.

Batun abinci shi ne inda aka yi juyin da ya fi girma. Da, sai a rubuta "kada ya ci komai" a rataye a gado har mako guda ko fiye, wai a bar fankiriyas ta huta. Yanzu an gane hanjin da aka bari da yunwa bangonsa na yin rauni, ƙwayoyin cutar da ke zaune a cikinsa su sami hanyar tsallakawa zuwa ga tsokar da ta ruɓe. Don haka mai ciwo mai sauƙi, da zarar amai ya tsaya kuma yana jin zai iya, a ba shi abinci cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ba sai ciwon ya ɗauke gaba ɗaya ba, ba kuma sai laifes ya sauka ba. Koko, kunun da ba a sa masa gyaɗa ba, farar shinkafa, tuwo mai laushi da miyar da ba ta da mai. A ɗaga wa soye-soye da man shanu da kitse ƙafa. Wanda ya kasa ci bayan kwana uku zuwa biyar, a zura masa siririn bututu ta hanci a riƙa ba shi ta nan. Abincin jijiya, mai tsada da saurin jawo ƙwayar cuta, sai in hanji ya ƙi karɓar komai.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi wuyar karɓuwa a wajenmu: antibayotik. Zazzaɓi da hauhawar fararen ƙwayoyin jini a makon farko yawanci kumburin ne ke kawo su, ba ƙwayar cuta ba. Bincike bayan bincike ya nuna ba da antibayotik don rigakafi ba ya hana ruɓaɓɓen wurin kamuwa, ba ya rage mutuwa, sai dai ya horar da ƙwayoyin cuta masu taurin kai waɗanda za a rasa maganinsu ranar da ake buƙata. Na san matsin da likita ke ciki idan dangi suka zuba masa ido suna cewa "ba a rubuta masa allura mai ƙarfi ba". Amma wurin antibayotik a bayyane yake: in bututun madaciya ya kamu, wato zazzaɓi da rawar ɗari da rawayar ido sun haɗu, in an tabbatar ko ana kyautata zaton ruɓaɓɓen wurin ya kamu, ko in akwai wata cuta a huhu ko mafitsara. A ƙasar sauro kuma, zazzaɓi na nufin a gwada maleriya.

Kamuwar bututun madaciya ita ce halin da ba ya jira. Ana so cikin sa'a 24 a zura na'ura mai kyamara ta baki har ƙofar bututun a buɗe ta a zaro tsakuwar, aikin da ake kira ERCP. Ba kowane babban asibiti ke yin sa ba, don haka gara a fara tambayar inda ake yi tun ranar da aka ga ido ya yi rawaya. In babu kamuwar kuma bututun bai ci gaba da toshewa ba, gaggawar ba ta da amfani, domin tsakuwar kan wuce da kanta, kuma shi kansa aikin yana iya tayar da kumburin fankiriyas.

Idan tsokar ta ruɓe

A wasu, wani sashe na fankiriyas da kitsen da ke kewaye da ita kan mutu. Muddin ƙwayar cuta ba ta shiga ba, a bar shi. Jiki yakan shanye ko ya killace shi. Alamar ta shiga ita ce mutum ya fara samun sauƙi sannan ya koma baya, galibi daga mako na biyu zuwa na huɗu, da sabon zazzaɓi, wani lokaci a ga kumfar iska a cikin wurin a hoton CT. Nan ne hoton ke biyan kuɗinsa.

A da, da an ga haka sai a buɗe ciki a kwashe. Ƙungiyar likitocin Holan masu binciken wannan cuta ta gwada wata hanya a kan mutum 88, aka wallafa a 2010: a fara da saka bututu ta fata a tsiyaye mugunyar, sai in bai isa ba a shiga ta ƙaramar kafa a kwashe. Manyan matsaloli ko mutuwa sun sami kashi 69 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa ciki, da kashi 40 na waɗanda aka bi da su mataki-mataki, ko da yake yawan mutuwa shi kaɗai bai bambanta sosai ba. Kusan kashi 35 na rukuni na biyu bututun kawai ya ishe su. Wani binciken nasu na 2021 ya ƙara nuna cewa in aka fara da antibayotik aka jinkirta, wasu ko bututun ba sa buƙata. Dalilin jinkirin shi ne jiki na ɗaukar kamar mako huɗu kafin ya gina bango tsakanin matacce da rayayye. Kafin nan komai a cakuɗe yake, mai tiyata ba ya iya bambance abin cirewa da abin bari, jini kuma ya ɓalle. Manomi ya san ba a matsar ƙurji tun bai nuna ba. Makonnin nan suna da tsawo ga mai jinya da ke kwana a tabarma a barandar asibiti yana ganin kamar ba a yin komai, shi ya sa ya zama wajibi likita ya zauna ya yi masa wannan bayani tun farko.

Haka ruwan da kan taru ya zama ƙunshi a bayan tumbi bayan mako huɗu: in ba ya ciwo, ba ya hana cin abinci, bai kamu ba, yawanci kallo ake bin sa da shi.

Kafin a ce an sallame ka

Kuskuren da ya fi ba ni takaici yana faruwa ne a ranar farin ciki. Ciwo ya tafi, uwargida ta ci tuwo, an ce ta je gida ta dawo "in ta ƙara ƙarfi" a cire matsarmama. Ta tafi, hidima ta sha kanta, tsoron tiyata ya shiga, kuɗin ya tafi wata buƙata. Matsarmamar kuwa tana nan cike da tsakuwa. Likitocin Holan ɗin nan sun auna wannan ma a 2015: waɗanda aka ce su dawo bayan kamar wata guda, kashi 17 cikin 100 sun sake faɗawa matsalar tsakuwa ko sun rasu cikin wata shida, waɗanda aka yi wa aikin kafin sallama kuwa kashi 5 ne. Wata guda kenan kacal, a ƙasar da ba a fashin alƙawarin asibiti. Don haka in tsakuwa ce sanadi kuma ciwon mai sauƙi ne, a cire matsarmama a wannan kwanciyar. Mutum na rayuwa lafiya ba tare da ita ba, hanta ce ke yin ruwan madaciya, ita ma'aji ce kawai. Wanda nasa ya yi tsanani har ruwa ya taru, shi ne ake jinkirta wa har wurin ya lafa, sau da yawa mako shida ko fiye.

In giya ce, babu wani adadi da za a ce ya halatta bayan wannan. Barin ta gaba ɗaya ne ke rage dawowar ciwon, kuma taba sigari ma tana da hannu a maimaituwarsa. In kitsen jini ne, sai a shawo kan suga, a rage ƙiba, a riƙe maganin rage kitsen. In magani ne ake zargi, likitan da ya rubuta shi ne zai canza, ba mara lafiya ya yanke da kansa ba, musamman maganin farfaɗiya.

Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ciwon kan sake dawo masa, wasu kuma ya rikiɗe ya zama na dindindin. Tunda tsokar da ta ƙone ita ce mai yin insulin da ruwan narkar da abinci, wanda ya tashi daga wannan jinya ya gwada suga bayan wata uku zuwa shida, sannan duk shekara, ko da nasa mai sauƙi ne. In ya ga yana ramewa duk da yana ci, ko bayan gidansa ya zama mai maiƙo, mai wari, yana ƙin wankuwa, to ruwan narkarwar ne ya yi ƙaranci, kuma akwai ƙwayoyin da ake haɗiya tare da abinci su maye gurbinsa. Wanda ya haura shekara 40 kuma aka rasa sanadin ciwonsa, a sake yi masa hoton fankiriyas bayan kumburin ya sauka, domin wani lokaci ƙaramin ƙari ne ya toshe bututun, kumburin ya ɓoye shi a hoton farko.